Daƙiƙa Arba'in na Kiɗan Muntaka

Juma'a, 6 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

"Kafin a sauko daga masallaci ranar Juma'a zan sa miki shi a hannu, Maman Hasna. In ban kawo ba, ki daina kirana ɗan'uwansa."

Maganar Gregory ke nan ranar Litinin a waya. Na rubuta ta a bayan takardar fakin mota ta asibiti, don na san halin maza da alkawarin waya. An sauko daga masallaci. Liman ma ya kai gida ya ci abinci. Ban ga Gregory ba, ban ga kiɗa ba.

Na sayi wannan littafin ne don in riƙa rubuta abin da likitoci suka faɗa, saboda suna magana ina gyaɗa kai, ina fita sai komai ya bi iska. Ga shi shafin farko ya ƙare a kan Gregory.

A nan kaɗai zan kira mijina da sunansa. Shekara ashirin da biyu ina cewa Baban Hasna. Muntaka. Muntaka. Na rubuta sau biyu, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Asabar, 7 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Yau kwana goma sha takwas da shanyewar ɓarin jikin Muntaka.

Kalma ɗaya ta rage masa: "To." Kana jin yunwa? To. Ka ƙoshi? To. Ka gane ni? To.

Kaneng ce ke koya masa magana a sashen da suka mayar da shi. 'Yar Jos ce, Hausarta ta fi ta 'yata nesa ba kusa ba. Ta ce wanda magana ta ɓace masa, wani lokaci kiɗa ne ke janyo ta, musamman wanda ke bakinsa kafin ya kwanta. Ta kuma gaya mini abin da likitan ya yi ta kewayewa: ranar Alhamis, 26 ga wata, za su zauna a kansa. In sun ga motsi, zai ci gaba da zama a sashensu ana aiki da shi kullum. In ba su gani ba, sai gidan jinya, inda ake juya mutum safe da yamma a buɗe masa talabijin.

Na ce mata, "Kaneng, kin san irin kiɗan da mijina ke yi?"

Ta ce, "Na gargajiya, Anti?"

Na ce ina ma.

Bari in rubuta shi kamar wani zai karanta. Suna yara a Samaru, shi da Gregory, baban Gregory ya dawo daga karatu da wata kwamfuta da ake jona wa talabijin. Wasanninta a kaset suke. A sa kaset, a zauna minti goma sha biyar ana jira wasan ya shiga, in ba a ɗauke wuta ba. Kafin ya shiga tana yin wani kiɗa, murya uku kacal gare ta, duk ukun kamar gyare ya sha mura. Wannan kukan gyaren shi ne maza masu furfura a ƙasa talatin suka hana kansu sakat a kai. Su ɗauko tsohon kiɗan, su sake masa kaya, su ƙara ganga, su ja nan su datse can, su kira shi rimiks. Ba mai biyan su. Suna da dandali a intanet, suna da gasa duk shekara, suna da kofi na roba. Muntaka ya shiga sau goma sha ɗaya bai taɓa ɗauka ba.

Na bana ya yi wata huɗu yana haɗawa a ɗakin ƙasa. Shi ne a bakinsa a wanka, a mota, a hanyar aiki. Ya tura musu ranar Litinin. Ranar Talata kuma ya faɗi.

Kwamfutarsa ta yanzu, inda kiɗan yake, a kulle take. Na gwada sunana, na Hasna, na mahaifiyarsa, ranar aurenmu. Ta ce saura gwaji ɗaya. Na rufe ta.

Litinin, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Na kira Gregory sau bakwai daga bayan kantocin littattafai a wurin aiki. A na takwas ya ɗauka.

"Uwargida, ina wuni, ya mai jiki?"

"Mai jiki yana ɗaki na ɗari biyu da shida. Daga gidanka a Gaithersburg zuwa asibiti a Sterling minti arba'in ne. Ko an rushe gadar?"

Sai ya shiga bayani. Wai ranar da ya yi alkawari bai tsaya ya yi tunani ba. Wai duk wanda ya tura kiɗa, na'ura ce ke cire sunansa ta ba shi lamba. Daƙiƙa arba'in na farkon kowane kiɗa kawai ake sakewa a dandali don a jefa ƙuri'a. Cikakkun, da sunayen masu su, suna kulle har ranar taronsu, 4 ga Nuwamba. Makulli biyu ne, ɗaya a hannunsa a matsayin shugaban gasa, ɗaya a hannun wata Abby.

"To ku buɗe."

"In na buɗe na ga sunaye, Uwargida. Dole in sauka daga shugabanci, in janye nawa kiɗan. Kuma ba ma wannan ba. Muntaka ne ya rubuta dokar da hannunsa, shekarar da aka yi mana maguɗi. In ya tashi ya ji na karya ta..."

"In ya tashi."

"Zai tashi."

"Ka gan shi ne?"

Layin ya yi ta ƙara. Ko shi ya kashe ko ni, ban sani ba.

4 ga Nuwamba. Na ƙirga da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Kwana tara bayan 26.

Talata, 10 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ba na son Talata.

Laraba, 11 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na samo tsofaffin kiɗansa a dandali na sa masa. Ya rufe ido. Kaneng ta ce wataƙila yana saurare, wataƙila ya gaji. Kowa a asibitin nan da "wataƙila" yake karyawa.

Wata sabuwar likita ta sake tambayata, "Ƙarfe nawa daidai kika lura?" Ita ce ta biyar da ta tambaya. Na ce ban duba agogo ba. Gaskiya ne. Ban duba agogo ba.

Kaneng ta ce, "Anti, ai tun da an saki farkonsu, ki saurara ki tsamo nasa mana. Ko daƙiƙa arba'in ɗin ma wani abu ne. Matarsa ce ke, za ki gane."

Guda talatin da takwas ne.

Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Na saurari duka talatin da takwas a teburin kicin. Kiɗa ɗaya ne, na wani wasa da wani ɗan mutum ke tsallake ramuka yana tara makullai. Mutum talatin da takwas sun yi masa sutura talatin da takwas. Wani ya mayar da shi na coci, wani na gidan rawa, wani ya ja shi har ya zama na makoki. Kaina kamar zai rabe.

Amma na same shi. Lamba tara. Kalangu ne ya buɗe shi, ga goge na bin gyaren a baya. Cikin Turawa da mutanen Japan, wa zai sa kalangu in ba ɗan Zariya ba? Ban ko ƙarasa tunani ba. Na yi alfahari da kaina har na dafa shinkafa, rabona da ɗora tukunya tun wancan watan.

Juma'a, 13 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na sa masa abin sauraro a kunne. Na ce, "Baban Hasna, ga naka na samo."

Ya saurara. Ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon ba, ko kuma na sha gani ban tsaya ba. Ya sa hannun hagu, wanda ke aiki, ya cire abin daga kunnensa a hankali, ya ajiye a kan bargo. Ya juya fuskarsa bango.

Kaneng ta ce, "Wataƙila..."

Na ce, "Don Allah, Kaneng."

Asabar, 14 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na tura wa Gregory saƙo: lamba tara nasa ne ko ba nasa ba ne? Shi ya kira da kansa.

"Ni ban san lambobi ba, amma tara ba Muntaka ba ne. Wani yaronsa ne a dandali, akwai su da yawa, har a Sweden. Shi ya koya musu kalangu. Ya daina sawa shekara shida ke nan, tun da kowa ya fara kwaikwayonsa. Ba ki sani ba?"

Bai faɗa da mugunta ba. Da da mugunta ya faɗa, da na san abin da zan yi da shi.

Na ce, "Kai da ka sani, wanne ne?"

"Wallahi na saurara, na kasa. Ya ce mini bana zai ɓoye kansa inda ba wanda zai gane shi sai mutum ɗaya."

"Wa?"

"Na ɗauka ni ne."

Shekara ashirin da huɗu ina jera littattafan mutane. Ba ni shafi ɗaya babu bango, in gaya maka ƙarnin da aka rubuta shi. Mutumin da ke minshari a gefena tun ina da ƙuruciya, an ba ni shi cikin talatin da takwas, na ɗauko ɗan Sweden.

Lahadi, 15 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Hasna ta kira daga Texas. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kamar kullum. Ta ce in huta. Ta ce ba laifina ba ne. Ban ce mata laifina ne ba. Wa ya ce mata?

Matan masallaci sun kawo abinci har firji ya ƙi rufuwa. Kowace sai ta ce Allah ya sa kaffara ne, sai kuma ta ce, "Allah ya so kina gida." Ina cewa amin.

Ina gida.

Litinin, 16 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Fitilar ɗakin ƙasa a kunne take tun ranar. Ina ganin hasken ta ƙarƙashin ƙofa. Maɓallin yana can ƙasan bene. Wanda ya tsara gidan nan ba shi da hankali.

Talata, 17 ga Oktoba

Laraba, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Ban je aiki ba. Na sake zama da su, wannan karon da takarda da biro, kamar mai gyaran jarrabawa. Ɗaya, a'a. Biyu, ban sani ba. Uku, ban sani ba. Har ashirin da biyu, shafi cike da "ban sani ba".

Ashirin da uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi tun ranar farko. Babu ganga, babu ado. Gyaren nan tsirara, sai wani abu siriri da ke yanka shi duk bayan bugu huɗu, tsit, tsit, kamar ana yage ƙyalle. Na ce wannan ko ƙoƙari bai yi ba. Na ja tsaki.

Tsakina ya faɗa daidai kan na cikin kiɗan. Na ɗauka kunnena ne ke amsawa. Na mayar da shi farko, na kama bakina da hannu. Yana nan. Duk bayan bugu huɗu. Dogo ɗaya, gajeru biyu, sai wanda nake ja ta gefen haƙorin da aka cike mini.

Na saurare shi sau goma sha tara. Ban san ko dariya nake yi ba.

Yaushe ya ɗauka? Sau nawa? A ina ya ɓoye abin ɗaukar? A bakin bene, tabbas. Nan nake tsayawa in ya kira.

Alhamis, 19 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na fara sa wa Kaneng a bakin ƙofa, ban gaya mata komai ba. Ba a yi daƙiƙa goma ba ta dafe ƙirji.

"Anti! Wannan ai naki ne. Sau uku na sha shi a makon nan."

"Ke dai ki iya bakinki."

"Ni bakin wasu nake gyarawa, nawa ya fi ƙarfina."

Muka shiga. Na sa masa. Ban ce komai ba wannan karon.

Yatsunsa na hagu suka fara bugun bargo. Sai maƙogwaronsa ya kama, can ƙasa, yana bin gyaren, ba kuskure ko ɗaya. Da aka zo wurin, ya tattara bakin nan da ya karkace, ya ja tsaki. Nawa. Ya dube ni ta gefen ido.

Kaneng na rubutu. Tana cewa, "Ci gaba, Baba, ci gaba."

Sai daƙiƙa arba'in suka cika. Kiɗan ya yanke a tsakiyar hawa, kamar an ja ƙofa. Ya ci gaba shi kaɗai bugu biyu, uku, ya ɓace. Ya nema, bai samu ba. Ya daki gado. Ya sake dukan gado. "To! To! To!" Sai da aka kira nas.

Mun gwada sau huɗu. Duk sau huɗun a wuri ɗaya yake faɗuwa.

A waje Kaneng ta ce abin da ta gani yau ya fi na wata guda, amma masu zaman ranar Alhamis kalmomi suke so. Ta ce in da cikakken kiɗan, za ta ɗora masa kalmomi a kai, ruwa, Hasna, sannu, ya hau su kamar matakala. Da guntun nan kuwa, kullum a fushi zai ƙare, kuma fushin na tayar masa da jini.

Minti huɗu da rabi ne cikakken, in ji dandali. Minti uku da daƙiƙa hamsin nake nema a duniya.

Juma'a, 20 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Abby ta amsa saƙona cikin minti biyar. Ta ce makullinta a shirye yake, amma shi kaɗai ba ya buɗewa.

Gregory ya ce in ba shi lokaci. Ya ce, "Uwargida, kin duba ƙuri'u? Ashirin da uku ne a gaba. Da nisa. Shekara goma sha ɗaya yana nema. Ki bari ya ci abinsa da tsabta, sati biyu ne kawai."

Na ce, "Zai karɓi kofin a gidan jinya, a ɗora masa a kan talabijin."

"Ba haka nake nufi ba."

"Gregory, me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "Shi ne mai surutun a cikinmu. Tun muna aji uku ni nake saurare. In na shiga ɗakin nan, wa zai yi magana?"

Na kusa tausaya masa. Na fasa.

Asabar, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Abu ɗaya na iya a duniya: karanta abin da kowa ya tsallake. Na buga dokokin gasarsu, shafi goma sha ɗaya. Rubutun mijina ne, na gane shi daga yadda yake son "sai dai kuma". Wannan dai na gane.

Doka ta bakwai, sakin layi na uku. Duk kiɗan da aka bayyana sunan mai shi a dandali kafin ranar taro, an cire shi daga gasa nan take, kuma na'ura za ta mayar da cikakkensa ga wanda ya bayyana, in ya kawo shaidar shi na gida ne. Ba a bukatar makullin kowa.

Na kai takardar asibiti. Na zauna a gefen da yake gani. Na karanta masa dokarsa. Na ce, "Kai ne a gaba, ka ji? Kai ne za ka ci. In na faɗi sunanka, shi ke nan. In faɗa?"

"To."

"Ko in bari?"

"To."

Ya kama gefen mayafina da hannun hagu ya riƙe. Ko roƙona yake in yi, ko roƙona yake kar in yi. Na zauna a haka har aka kawo abinci.

Lahadi, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ranar Talatar, da safe, ya kira daga ƙasa. "Kaltume, zo ki ji, na minti huɗu ne kawai." Ina kan kujera, saura shafi talatin in gama littafi. Na je bakin bene, na ja tsaki, na koma. Na ji wani abu ya faɗi. Kullum abu na faɗuwa a ɗakin nan. Na gama littafin. Ƙarshensa ma bai yi daɗi ba.

Shafi talatin. Ga amsar likitoci biyar, su mayar da shi mintoci da kansu.

Ɗazu na sauka. Na kashe fitilar. Sai na sake kunnawa, na zauna a kujerarsa. Ga tsohuwar kwamfutar da kaset a cikinta, ga wani ɗan abin ɗaukar murya manne da salatif a jikin matakala ta uku.

Na tura wa Gregory wannan, na kwafe shi nan don kar gobe in ce ban faɗa ba:

"Gobe Litinin, ƙarfe goma na safe, Kaneng za ta shiga wurinsa. In kana ɗaki na ɗari biyu da shida kafin lokacin, da kiɗan a hannunka, ka rasa kujerarka, shi ya tsira da gasarsa, ni kuma zan ci gaba da kiranka ɗan'uwansa. Ba sai ka yi magana ba, ni zan yi. In goma ta buga ban gan ka ba, zan hau dandalinku in rubuta: lamba ashirin da uku na Muntaka ne, tsakin ciki nawa ne, ni matarsa. Na riga na rubuta, dannawa ya rage."

Ya karanta. Alamar ta nuna. Bai amsa ba.

Ko ta wace hanya kiɗan ya zo, goma da kwata zan sa abu ɗaya a kunnensa, ɗaya a nawa, in zauna har ƙarshen minti huɗu da rabi ban tashi ba. Haka Talata, haka Laraba. In ranar Alhamis ya buɗe baki a gaban likitoci ya zage ni a kan kofin robar da na zubar masa, zan ce Kaneng ta rubuta da manyan baƙaƙe: jimla cikakkiya, ba kuskure.